Jiƙaƙƙen Tawul a Kan Gadon Hukuma

Litinin, da yamma

Mun dawo gida. Hukuma ta shigo da ƙafarta, ta ƙi yarda in riƙe ta. Ta tsaya a bakin falo tana kallon littattafan da na jibge a kan teburin cin abinci tun ranar da aka kwantar da ita. Na gyara tsayuwa ina jira. Kujera kawai ta nema. Fiye da shekara ashirin ina auren matar nan, tsohuwar shugabar makaranta wadda in ta ɗaga murya a filin taro har masu shago na tsallaken titi sukan nutsu, ban taɓa ganin ta ga laifina ta wuce ba. Tun shekarar farko nake kiranta Hukuma. Ita kuma tana ce min Malam, da irin muryar da ake kiran yaron da ya fasa kofi.

Yanzu tana da roba. 'Yar siririya ce, ba ta kai kaurin biro ba. An shigar da ita ta haƙarƙarinta na dama, kai ɗaya yana ciki inda ruwa ke taruwa a gefen huhu, ɗayan yana waje, an naɗe shi an rufe da auduga da filasta. Ruwan ba ya daina dawowa. Sau uku aka zuƙe shi da allura a asibiti, sau uku ya dawo, kamar baƙon da ka raka bakin titi ka dawo ka tarar da shi a falo. Shi ne likita ya ce a sa robar, a riƙa zuƙewa a gida. Na ce wa zai riƙa zuƙewar? Duk suka juyo suka zuba min ido. Ni da ban taɓa zura zare a allura ba.

A mota ta ce, “Malam. Kada ka mayar da ni can.”

Na ce to.

“Ba to ba. Ka faɗa da bakinka.”

Na faɗa. Sai da ta ja numfashi uku kafin ta gama wannan 'yar maganar. Ba ta kawo dalili ba, ban kuma nema ba. Na san gadon da ke kusa da nata, na san ranar da aka ja labule, na kuma ga sabon zanin gadon da aka shimfiɗa washegari.

Abin da likita ya gaya min a baranda kuwa, ba zan rubuta shi ba. Duba kurakuran rubutu ne aikina a maɗaba'a, na san abin da aka sa a takarda ya fi wuyar gogewa.

Talata, da hantsi

Sista ta zo, ma'aikaciyar jinyar da asibiti ke turowa gida-gida. Gajeriya ce, tana magana kamar mai sayar da tikiti, ba ta maimaitawa. Ta jera kayan a kan teburin gefen gado: safar hannu, audugar sifirit, sabon murfi, da kwalba mai zuƙo wadda aka tsotse iskar cikinta. A wanke hannu. A ɗaye filasta. A sa safa. A cire murfin robar, a goge bakinta, a haɗa da na kwalbar har sai ya ce ƙas, sannan a murza ɗan makullin a hankali.

Safa biyu na yaga. Da na samu na sa ta uku, ta ce, “Malam, hannun nan yanzu ba naka ba ne. Kada ka taɓa komai da shi.” Na ce na gane, na gyara tabarau da shi. Aka ɗauko ta huɗu.

Dokokin ba su da yawa. Rana ɗaya a zuƙa, rana ɗaya a huta. Kada a wuce kwalba ɗaya. In tari ya taso ko ƙirji ya ɗaure, a rufe. In zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi ja, ko ruwan ya gurɓace, a kira ta. Sai na ƙarshe, wanda ta faɗa tana kallon cikin idona: “In ruwan ya ragu numfashi ya yi sauƙi, albishir ne, wataƙila ma a cire robar. In ya ragu numfashi yana ƙara wuya, toshewa ce. Ka kira ni nan take, a dawo da ita.” Da aka zo kan “a dawo da ita” Hukuma ta juya tana nazarin bango.

Ruwan ya fito kalar shayin da aka yi wa rowar ganye. Kwalba ta cika. Na juye a masai, na tsaya ina kallonsa yana tafiya, ina tunanin duk wannan a ƙirjin mutum ɗaya yake.

Sista na fita, Hukuma ta leƙo falo.

“Wato Malam ni ina can kwance ana soka min allura kai kuma ka mayar min da teburin cin abinci ɗakin karatu, kofuna na gani a ƙarƙashin kujera ɗaya har ya yi gashi, furannin da na bar maka amana sun bushe kamar an yi musu baki, kuma ka tsaya kana min murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa!”

A numfashi ɗaya. Na karanta waƙoƙi masu yawa a rayuwata, ban taɓa jin baitin da ya kai wannan daɗi ba.

Laraba, bayan azahar

Maɗaba'a. Warin tawada, ƙarar inji, da wani littafin kiwon kaji da nake dubawa. Manaja ya kira ni ofis ya ce in riƙa zuwa da hantsi, ba sai da sassafe ba, har ya tura min kujera. Mutumin da ya taɓa yi min wa'azin rabin awa saboda na bar fanka a kunne. Kirkin mutane ya fara ba ni tsoro.

Alhamis, da safe

Yau ni kaɗai na yi. Bakin robar ya ƙi shiga, gumi na gangaro min cikin ido ba halin sharewa.

“Ka murza a hankali, Malam, ba rediyo ba ne.”

“Hukuma, in likita yana aiki, marar lafiya shiru yake yi.”

“In na ga likita zan yi shiru.”

Ana gab da cika ta fara tari, irin busasshen nan. Na rufe da sauri har na kusa kifar da kwalbar. Ta dafa kafaɗata har ya lafa, sannan ta ce filastar ta karkace. Ta karkace ɗin kuwa.

Juma'a, da safe

Na gano ma'auni.

Zafin jiki akwai abin auna shi. Ruwa, kwalba tana da layuka. Numfashi ne ba ni da abin aunawa, in kuwa na tambaye ta, amsa ɗaya ce: “Lafiya lau.” Ko a motar asibiti haka ta ce wa direba.

To yau na fito daga wanka na ajiye jiƙaƙƙen tawul a kan gado, da mantuwa ta gaskiya. Faɗan tawul tsohon faɗa ne a gidan nan, yana da tashoshi kamar jirgin ƙasa, ba ya sauya hanya. Daga tawul ake tashi. Sai katifa, wadda za ta yi wari. Sai littattafai, da amfanin karatun mutumin da bai san inda ƙusar rataye tawul take ba. Tashar ƙarshe ƙanena ne, wanda shi ma haka yake, matarsa ta gaya mata. Da tana da lafiya, ba ta jan numfashi sai ta sauka a kan ƙanena.

Yau ta kai ga ƙanena. Bawan Allah yana can bai san shi ne alamar lafiyar matata ba.

Daga yau kullum zan manta da tawul.

Asabar, da la'asar

Kafin zuƙa ta tsaya a katifa ta huta. Bayan zuƙa na bar silifas a tsakiyar ɗaki don in tabbatar, ta bi ta wata hanyar ta sauka a kan ƙanena. Ma'aunin yana aiki.

Yaya ta iso, yayar Hukuma, da jakunkuna kamar mai ƙaura. Ita za ta riƙa wuni da ita in ina wurin aiki. Ta ɗaga kwalbar ta kalla a hasken taga.

“Farfesa, wannan ai ƙarfin yarinyar nan kake tsiyayewa. Jikin mutum tanki ne?”

Yarinyar ta haura hamsin. Na fara yi mata bayanin fatu biyun da ke lulluɓe da huhu, da yadda ruwa ke shiga tsakaninsu ya matse shi. Na yi kwana da kwanaki ina karanta wannan, ina so wani ya amfana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ta ce wa ƙanwarta, “Har yanzu yana yi ashe.”

Lahadi, da safe

Ta kai ga ƙanena.

Litinin, da yamma

Ruwan bai cika kwalba ba, ya rage kamar yatsu uku. Na duba haɗin, na duba makullin, komai daidai. Na rufe, na manna filasta. Ita ma ta ga layin, ta kau da kai.

Zobenta yana yawo a yatsa. Ta naɗa masa zare a ciki, ta ce zoben ne ya buɗe saboda tsufa. Na ce haka zinariya take yi, na taɓa karantawa. Ban taɓa karantawa ba.

Laraba, da hantsi

Rabin kwalba. Ta kai ga ƙanena, har ta ƙara da matarsa.

Alhamis, bayan la'asar

Auta ta kira daga jami'a. Ta ce, “Baba, wai takamaimai me likitan ya ce? Ruwan nan daga ina yake zuwa?” Na ce daga jikin fatar huhu. Ta ce ta sani, ita ma tana da waya, abin da take tambaya shi ne me ya sa. Na ce ana ta gwaje-gwaje, na tambaye ta yaushe za su fara jarrabawa. Ta yi shiru. Shirun uwarta ta gado, wanda ke sa mutum ya fara duba aljihunsa ba dalili.

Ta ce Mama ta daina ɗaukar waya, sai dai ta turo rubutu. Na ce ai ta san uwarta da tsimin kati.

Juma'a, da safe

Bai kai rabi ba.

Na karanta cewa wani lokaci fatun biyu sukan manne da kansu, ruwan ya rasa wurin zama, a cire robar. Na karanta a wuri huɗu. Wuri na biyar ya fi ba da ƙarfi a kan toshewa, amma rubutunsa cike yake da kurakurai, ban ga dalilin yarda da mutumin da bai iya sa aya ba.

Lahadi, da yamma

Kwata. Ta kai ga ƙanena.

Ta ce in ƙara mata filo. Huɗu ke nan, kusan a zaune take kwana. Ta ce bayanta ne. Katifar ta tsufa, gaskiya ne, ita da kanta take faɗa kullum da safe.

Litinin, bayan azahar

Yaya ta tare ni a ƙofa tana raɗa. “Barci take ta yi, Farfesa. Tun da ka fita ba ta ce min kanzil ba. Sauƙi ke nan, jiki yana gyara kansa.” Hukuma da Yaya a ɗaki ɗaya wuni guda ba a yi gulmar kowa ba. Na ce madalla.

A littafin kaji na karanta shafi ɗaya sau uku ban san me ya ce ba.

Talata, da safe

Ɗan kaɗan, bai rufe gindin kwalba da kyau ba.

Sabuwar doka ta fito: wai ba na daɗewa a wanka, in riƙa cuɗa bayana sosai. Da hannu ta nuna min, ba ta yi magana ba. Kwana biyun nan ba ta amsa gaisuwar safe da baki, kai take gyaɗawa. Hukuma ba ta taɓa son surutun safe ba. Ko ta taɓa? Na manta.

Na daɗe. Na fito na ajiye tawul. Ta kai ga ƙanena, tsaf, ba gargada.

To me nake nema kuma?

Alhamis, da hantsi

Cokali biyu ko uku. Yaya ta ɗaga hannu sama, ta ɗauki waya ta fara sanar da dangi ɗaya bayan ɗaya cewa ruwa ya ƙafe. Kafin in fita aiki mutum shida sun kira ni suna barka, har da ƙanena.

Sista ta kira, kamar yadda takan yi duk mako. Na gaya mata yadda ruwan ya yi ta raguwa.

“Numfashi fa?”

Na ce lafiya lau.

“Ka tabbata, Malam? Tana magana sosai? Tana zuwa banɗaki ba haki?”

Na ce magana kam, in tana so ta zo da safe ta ji. Ta yi dariya, ta ce in haka ne mako mai zuwa a ɗauki hoton ƙirji a gani. Tambaya uku ta yi, ɗaya na amsa. Na lura da hakan tun wayar tana kunnena.

Juma'a, da hantsi

Na manta tabarau.

Komai ya tafi yadda aka saba. Wanka, tawul, katifa, littattafai, ƙanena. Na sa riga, na yi sallama, na kai bakin ƙofar gida, na shafa fuska na ji ba tabarau. Na dawo. Ban yi sanɗa ba, takalmin ne ba ya ƙara.

Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan. Tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, ta sunkuyo, baki buɗe. Kafaɗunta na hawa suna sauka. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Wani sauti take yi ƙasa-ƙasa, kamar ana jan tabarma a kan siminti. Leɓenta ba kalarsa ba. Jiƙaƙƙen tawul ɗin yana hannunta, ta danna shi a goshi.

Ban san iya tsayuwar da na yi ba. Ba ta gan ni ba. Na juya na fita ba tabarau.

Juma'a, bayan azahar

Na zauna a gaban littafin kaji ina kallon baƙaƙen layuka kamar tururuwa. Manaja ya wuce ya ga ba tabarau, ya ga ba na juya shafi, bai ce komai ba. Da ma ya yi min faɗa.

Ta sani ke nan. Tun yaushe? Ta hana kanta gaisuwa, ta tura ni in daɗe a wanka, ta zauna ba motsi tana tara numfashi kamar mai tara ruwan famfo a ranar da za a ɗauke, in na fito ta juye min shi gaba ɗaya, in tafi aiki da murna. Sauran wunin kuma ta biya da shiru. Matar da ta shekara talatin tana kama masu satar amsa.

Na ɗauki waya sau da yawa. Na ajiye sau da yawa. Na faɗa da bakina. Wataƙila gobe ruwan ya fito. Roba takan lanƙwashe, an ce in mutum ya juya ko ya yi tari takan buɗe. Na karanta.

Asabar, da safe

Na wanke hannu, na sa safa, na goge, na haɗa, ya ce ƙas. Na murza. Ko ɗigo. Na ce ta juya, ta juya. Na ce ta yi tari, ta yi, ya ƙi tsayawa. Na sauya kwalba ko wannan ta sha iska. Ko ɗigo.

Ta ɗaga babban yatsa, wai an gama, an warke.

Na rufe, na sa sabon murfi, na manna filasta. Yau ba ta karkace ba. Ban shiga wanka ba. Na je na jiƙa tawul a famfo, na dawo na shimfiɗa shi a kan gado a gabanta, na ja kujera na zauna.

Ta kalli tawul, ta kalle ni.

“Ka je. Ka yi wanka.”

“Na fasa. Ina sauraro.”

“Malam.”

“Ga tawul a kan gado, Hukuma. A jiƙe. Katifa za ta yi wari.”

Ta ja numfashi, ta buɗe baki. “Wato kai... tawul ɗin nan...” Nan jirgin ya tsaya, ko tasha ta farko bai bari ba. Ta dafa gwiwa. Wannan karon a gabana.

Da ta samu ta ɗago ta ce, “Ka yi. Alkawari.”

Na ce na yi.

“Da bakinka.”

Na ce da bakina, kuma da shi zan kira Sista. Na fita baranda na kira, don ba zan iya yi tana kallona ba. Sista ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, “Tun yaushe?” Na ce ban sani ba. Ta ce mu taho yanzu, za ta sanar da su.

Yaya ta iso muna fitowa. Ta ce, “Ina kuma za ku, bayan an warke?” Sai ta ga fuskar ƙanwarta a hasken waje. Ta ajiye jaka ta kama ɗaya hannun.

Asabar, da magariba

Ɗaki ɗaya, baranda ɗaya, warin maganin goge ƙasa ɗaya. Ba gadon ba ne, na roƙa aka ba ta na kusa da ƙofa. An sa mata iska a hanci. Hoto ya nuna ruwan yana nan, ya ma fi na da, ya yi ɗakuna-ɗakuna a ciki, wasu zaruruwa sun toshe bakin robar. Gobe za a zuba magani ta robar ya narkar da su.

Likita ya sake cewa in zo baranda. Na je.

Ba ta kalle ni ba tun a mota.

Lahadi, da la'asar

An zuba maganin, an rufe, ana jira.

Na kawo mata shayi. Ta ce, “Na gode.” Na gyara mata filo. Ta ce, “Sannu da ƙoƙari.” Na zubar da rabin shayin a kan zanin gado, ba da gangan ba. Ta ce, “Ba komai.”

Tunda nake ba a taɓa zagina haka ba.

Litinin, da safe

Ya fito. Kwalba ta cika aka rufe, da yamma za a ƙara. Ya fi na da duhu. Ban tambaya ba.

Na kira Auta na ce ta zo ƙarshen mako. Ta ce, “Baba, in zo?” Na ce ki zo. Ba ta ƙara tambayar komai ba.

Talata, bayan azahar

An cire mata iskar hanci. Yaya ta zauna tana yanka mata lemo, ta ce min ba tare da ta ɗago ba, “Farfesa, ka je ka ci abinci, ka koma kamar tsinken biro.” A wurin Yaya wannan lambar yabo ce.

Hukuma ta ce min, “A sauka lafiya.”

Alhamis, da hantsi

Jiya aka sallame mu. Sista za ta riƙa zuwa sau biyu a mako tana wanke robar. Kwalabe sababbi suna jere a ƙarƙashin teburin gefen gado. Na kwashe littattafan daga teburin cin abinci, na wanke kofuna, na sayo wasu furanni.

Yau da safe na yi wanka, na goge jiki, na rataye tawul a ƙusa, na miƙe gefensa. Na shigo ɗaki ina neman riga. Tana jingine da filo biyu tana bina da ido.

“Ina tawul?”

Na ce yana ƙusa, inda ya dace.

“Ɗauko.”

Na ɗauko. Ta nuna gado da haɓa. Na ajiye.

“Zauna.”

Na zauna.

Ta ce, “Tun ran Juma'ar farko na gane. Mutumin da ya ajiye tawul ya tsaya yana kallon bakina yana motsa leɓe kamar mai bin karatu. Ka ɗauka ni yarinya ce?” Ta huta. “Ba zan sake sa ka alkawari ba, tunda ba ka iya riƙewa. In ta kama a koma, a koma. Amma ka riƙa gaya min abin da ake gaya maka a baranda. Ƙirjina ne, ba naka ba.”

Na ce to.

“Ba to ba.”

Na faɗa mata. Duka, na farko da na biyu. Bai ɗauki lokaci ba, kalmomin ba su da yawa. Ta saurara tana murza zoben nan mai zare. Ta ce ta yi zaton haka. Ta ce ita za ta gaya wa Auta, don ni zan tsaya bayanin fatu biyu.

Sannan ta ce, “Tawul kuma kullum ka ajiye. Amma in na gama, ba inda za ka. Ka zauna ka ga abin da ya biyo baya.”

Ta gyara zama, ta kalli tawul ɗin kamar yau ta fara ganinsa, ta tashi jirgi. A katifa ta tsaya ta huta, ba ta ɓoye ba. A littattafai ta sake tsayawa, ta daɗe, ta dafa gwiwata maimakon tata. Na buɗe baki zan ce ya isa. Ta ɗaga min yatsa.

Na jira, har ta kai ga ƙanena.